Darasi: Nokawut Da Wasan Wuta A Lokacin Bikin Ƙarshen Shekara

Manufar darasi: Mu san abin da ke cikin nokawut, mu san yadda ake saye da ajiya da kunna shi ba tare da an yi asarar rai ko dukiya ba, mu kuma tsai da shawara ɗaya a matsayin ikilisiya kafin Kirsimeti ya zo.

Lokaci: Kamar awa ɗaya da rabi.

Kayan aiki: Bokitin ruwa, tsabtataccen ƙyalle, kofin roba, da kwalin nokawut wanda babu kome a cikinsa.

Waɗanda ya kamata su halarta: Dattawa, zumuntar mata, shugabannin matasa, malaman Makarantar Lahadi, da masu shago na cikin gari.

Gabatarwa

Daga farkon watan Disamba har zuwa makon farko na Janairu, ƙarar nokawut ba ta yankewa a ƙauyukanmu. Waɗansu suna kiransa banga. Yara sukan tara kuɗin barka da Kirsimeti su saya, 'yan'uwa da suka dawo gida daga birni kuma sukan zo da shi kwali-kwali a matsayin tsaraba. Ba wanda yake musun cewa yana ƙara wa biki armashi.

Amma mu dubi lokacin da bikin yake faɗowa. Hunturu ya kama sosai. Ciyawa ta bushe, jinka da zana sun yi ƙayau, iska tana kaɗawa dare da rana. Rumbuna cike suke da dawa da masara da gero, an jibge kara a bayan gida, harawa tana kan rumfa. Rafi ya fara janyewa, motar kashe gobara kuwa tana can hedkwatar ƙaramar hukuma ko babban birnin jiha. Idan tartsatsi ɗaya ya sauka a kan jinkar rumbu, abincin shekara da irin da za a shuka da damina ne za su tafi cikin minti kaɗan. Iyalin da suka yi girbi mai kyau sai su wayi gari suna neman taimako.

Domin haka muka shirya wannan darasi. Abin da muke so a riƙe shi ne: nokawut ya fita daga aljihun yara. Inda doka ta hana, a bar shi gaba ɗaya. Inda ba ta hana ba, a kunna shi wuri ɗaya, lokaci ɗaya, a hannun babban mutum.

1. Mene ne a cikinsa?

Abin da ke cikin nokawut ɗan'uwan albarushin bindigar maharba ne. A ƙasar Sin aka fara haɗa albarushi fiye da shekara 1,000 da suka wuce, har yau kuma daga can ake kawo mafi yawan kayan wasan wuta na duniya, musamman daga yankin Liuyang na lardin Hunan. Albarushi haɗin abu uku ne: wani gishiri da ake kira fotasiyam naitiret kamar kashi 75 cikin 100, gawayi kashi 15, farar wuta kashi 10. Nokawut mai ƙara sosai yakan ƙunshi garin alminiyam da wani sinadari da ya fi albarushi saurin kamawa. Launukan da muke gani a sama kuma gishirin ƙarafa ne: sitirontiyam yana ba da ja, bariyam kore, tagulla shuɗi.

Akwai abu uku da ya kamata kowa ya gane daga wannan.

- Wutar murhu tana bukatar iska, shi ya sa takan mutu idan an rufe ta. Albarushi kuwa yana ɗauke da iskar da zai ci a cikin gishirin nan nasa. Da zarar ya kama, rufe shi da hannu ko ƙyalle ko taka shi da ƙafa ba zai tsai da shi ba.
- Zafinsa ya wuce yadda muke zato. Ruwa yana tafasa a digiri 100, tukunyar alminiyam tana narkewa a wajen digiri 660. Bisko, wato siririn ƙarfen nan mai tartsatsi da ake miƙa wa ƙananan yara, yana ci da zafin da ya wuce digiri 1,000.
- Sinadaran guba ne. Yaro mai rarrafe da ya tsinci nokawut ya sa a baki yana cikin haɗari ko da ba a kunna ba.

Ƙarar ma tana da tata illa. Ƙarar da ta wuce desibel 85 tana lalata ji idan an daɗe a cikinta, nokawut da ya fashe kusa da kunne kuwa yana iya kaiwa 140 ko fiye. Wannan ya isa ya fasa dodon kunne nan take.

2. Kafin a saya: doka da maƙwabta

Kusan kowace shekara, idan Disamba ya kama, rundunonin 'yan sanda na jihohi da dama a Nijeriya sukan sanar da hana sayarwa da kunna nokawut. Dalilinsu shi ne ƙararsa tana kama da ta bindiga, miyagu kuma sukan fake da ita su yi ɓarna. Saboda haka aiki na farko shi ne dattawa su tura mutum ofishin 'yan sanda na yankin ya tambaya, a kuma ji ta bakin mai unguwa ko dagaci. Idan an hana, magana ta ƙare. A sanar a majami'a, iyaye su karɓe na hannun yara, a jiƙa shi a ruwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ko inda ba a hana ba, akwai waɗanda ya kamata mu tuna da su. A cikinmu akwai waɗanda suka gudo daga garuruwansu saboda hari. Ga irin waɗannan, ƙara ɗaya da tsakar dare ta isa ta sa mace ta suri ɗanta ta nufi daji, ko tsoho ya kwana zaune yana rawar jiki. Akwai masu hawan jini, masu ciki, jarirai, da masu ciwon asma waɗanda hayaƙin yake tayar musu da ciwo. Shanu da awaki sukan tsinke igiya su bazama, idan kuma suka faɗa gonar rani ta wani, rigima ta samu. Haɗari mafi girma shi ne a saba da ƙarar har a kasa bambanta ta da ta bindiga a ranar da ya kamata a farka.

Idan gari yana zaman ɗar-ɗar, ko akwai masu gudun hijira a cikinsa, shawararmu ita ce a haƙura a wannan shekara. Idan kuwa an yarda za a yi, a sanar da rana da awa tun da wuri ga mai unguwa, 'yan sintiri, maƙwabtanmu Musulmi, da rugagen da ke kusa.

3. Yadda za a saya

A ranar 29 ga Disamba 2001, a kasuwar Mesa Redonda da ke Lima, babban birnin ƙasar Peru, an kunna kayan wasan wuta guda ɗaya domin gwaji a tsakiyar rumfunan da ake sayar da su. Wutar ta bi rumfa-rumfa, mutum kusan 300 suka mutu. Daga gwaji ɗaya ke nan. Don haka:

1. Kada a yarda mai sayarwa ya kunna domin a gani, kada kuma mai saye ya nemi haka. Idan an ga ana gwadawa a kasuwa, a bar wurin.
2. Babba ne zai je saye. Masu shago da ke cikin ikilisiya su yi alkawari ba za su sayar wa yaro ba, ko da ya ce an aiko shi.
3. A sayi wanda ke cikin kwalinsa a rufe, da sunan kamfani da bayanin yadda ake kunnawa. Idan ba mai iya karanta bayanin, a nemi malamin makaranta ya karanta kafin ranar.
4. A guji wanda gari yake zubowa daga jikinsa, wanda lagwaninsa ya gajarce ko yake lilo, wanda takardarsa ta kumbura ko ta nuna alamar jiƙewa, da ragowar bara.
5. A guji na haɗin gida, wanda aka cusa a kwalba, gwangwani ko bututu. Kada kuma a bar samari su farke da yawa su haɗa garin wuri ɗaya domin ƙara ta fi yawa. Wannan shi yake cire yatsu.
6. A sayi abin da za a ƙarar a dare ɗaya kawai, kwana biyu ko uku kafin biki.
7. Wajen dawowa, kada a haɗa shi jaka ɗaya da ashana. Kada a rataye shi kusa da salansar babur, kada a ɗora shi kusa da jarkar fetur a mota.

4. Yadda za a ajiye

A ranar 26 ga Disamba 2012, washegarin Kirsimeti, wani gini da aka tara nokawut a cikinsa ya kama wuta a unguwar Jankara da ke tsibirin Legas. An yi asarar rai, mutane da dama sun ji rauni, gidajen maƙwabta sun ƙone, 'yan kwana-kwana kuma sun sha wuyar matsawa kusa saboda kayan suna ta fashewa. Kwali ɗaya a ɗakin kwana bai kai wannan ba, amma ya isa ya cinye ɗakin da wanda ke barci a ciki.

- A bar shi cikin kwalinsa, a sa a akwatin katako mai murfi, a kulle. Makulli ya zauna wurin mutum ɗaya.
- A zaɓi wuri busasshe mai sanyi, sama da ƙasa, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada a manna shi da rufin kwano, gama zafin rana yana taruwa a can.
- Ya yi nisa da madafa, fitilar ƙwai, aci-balbal, kyandir, maganin sauro na kunnawa, da kaskon jin ɗumi. Da hunturu kusan kowane ɗakin kwana akwai ɗaya daga cikin waɗannan, saboda haka ɗakin kwana ba wurin ajiyarsa ba ne.
- Kada a haɗa shi ɗaki ɗaya da fetur, kananzir, janareta, tukunyar gas, takin zamani ko maganin feshi.
- Kada a sa shi a rumbu ko kusa da rumbu. Kada a ajiye shi a majami'a ko ɗakin ajiyar kayanta.
- Kada a sa shi a aljihu. Gogayya ko tartsatsi daga na wani yaro ya isa ya tashe shi, ƙunar kuwa a cinya da gaba take sauka.
- Idan ya jiƙe, ya lalace ke nan. Kada a shanya shi a bakin murhu ko a kan kwano. Lagwanin da ya taɓa jiƙewa yakan yi kamar ya mutu, sai yaro ya ɗauka ya duba, sa'an nan ya tashi.

5. Ranar kunnawa

*Wuri.* A zaɓi fili kamar filin ƙwallon makaranta, nesa da gidajen jinka, rumbuna, tarin kara, turken dabbobi, wayoyin lantarki da inda ake sayar da fetur a kwalba. A share busasshiyar ciyawa tun da rana. A ja layi da toka inda masu kallo za su tsaya. Ga manya da masu tashi sama, tazarar ta kai aƙalla mita 25, wato kamar taku 35 na babban mutum. Idan kwalin ya faɗi tazarar da ta fi haka, a bi ta kwalin.

*Iska.* Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. A watsa ɗan ƙasa sama a ga inda ta nufa. Masu kallo su tsaya iska tana bugun bayansu, gefen da iskar ta nufa kuma ya zama babu gida, babu rumbu, babu gonar da ba a kwashe ba. Abin da ya tashi sama dole ya sauko, sau da yawa da sauran wuta a jikinsa. Idan iska ta yi ƙarfi, a ɗage zuwa wata rana.

*Mutane.* Mutum ɗaya ne zai kunna, babba, wanda bai taɓa burkutu ko wata giya ba a ranar. Na biyu ya riƙe akwatin a rufe, nesa da wurin kunnawa, yana miƙa ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu su tsare layin yara. Waɗansu biyu kuma su zuba ido a kan rufin gidaje. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

*Kaya.* Bokiti biyu na ruwa, ɗaya na yashi, jiƙaƙƙun buhunan algarara, da tocila. Mai kunnawa ya sa rufaffen takalmi da tufafin auduga marasa yalwa. Yadin roba da leshi da ake ɗinka wa yara na Kirsimeti suna narkewa su manne da fata, haka ma gashin kanti.

*Kunnawa.*
1. A ajiye shi a ƙasa mai tauri. A kunna da dogon kara mai garwashi a bakinsa, a miƙa hannu, fuska tana gefe, a ja da baya nan da nan.
2. Ɗaya-ɗaya ake kunnawa.
3. Roka a sa ta cikin bututun da aka kafa a yashi, bakinsa sama, a ɗan karkata shi nesa da mutane da gidaje. Ba a riƙe ta a hannu.
4. Ba a jefa wa mutum, dabba, babur ko mota. Ba a jefawa cikin murhu, masai ko rijiya. Ba a kifa gwangwani ko kwalba a kai, gama gutsattsarinsu ne suke fasa ido.
5. Wanda ya ƙi tashi, kada kowa ya matsa kusa da shi sai bayan minti 20. Sa'an nan a ɗauke shi da shebur a nutsa a bokitin ruwa ya kwana.
6. Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba bisko. Wanda ya fi haka ya riƙe guda ɗaya, yana tsaye wuri ɗaya, babba yana gefensa. Idan ya mutu a tsoma ƙarfen a ruwa, domin yakan daɗe da zafi. Mai goyo kada ta riƙe.

*Bayan an gama.* A zagaya gidajen da ke kusa har tsawon awa ɗaya, gama wuta takan yi ta cin jinka a ɓoye kafin ta bayyana. Da asuba, kafin yara su fito tsince-tsince, matasa su share filin su jiƙa duk abin da aka tara, sa'an nan a binne. Kada a ƙona shi a juji.

6. Idan tsautsayi ya auku

*Tufafi sun kama wuta:* Kada a gudu, gudu yana hura wutar. A tsaya, a kwanta, a yi birgima. Na kusa ya rufe shi da bargo ko jiƙaƙƙen buhu.

*Ƙuna:* A riƙa zuba ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a wurin har minti 20. Kada a sa ƙanƙara. A cire zobe, awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura, amma kada a fizge tufar da ta manne. A rufe sauran jikin yaron don kada sanyi ya kama shi. Kada a shafa manja, ɗanyen ƙwai, kamu, gishiri, man goge baki, baƙin mai, toka ko kashin shanu. Waɗannan suna kawo ruɓa, suna kuma wahalar da ma'aikacin asibiti wajen wanke ciwon. Kada a fasa bororo. A rufe da tsabtataccen ƙyalle. A kai asibiti idan ƙunar ta fi tafin hannun mai ciwon faɗi, ko tana fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko ta yi fari ko baƙi, ko kuwa ƙaramin yaro ne. A tambayi allurar tetanus.

*Ido:* Kada a murza, kada a danna, kada a yi ƙoƙarin ciro abin da ya shige, kada a ɗiga nono, ruwan ganye ko wani magani. A kifa gindin kofin roba a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a ɗaure, a tafi asibiti a daren. Idan aka tura ku gaba, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano. Jinkirin kwana ɗaya yana iya zama sanadin rasa idon.

*Hannu ya fashe:* A danne wurin da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama, a tafi asibiti.

*Yaro ya haɗiya:* Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A kai shi asibiti tare da kwalin, ko da yana wasa kamar ba abin da ya same shi.

Tun kafin ranar, a san wane asibiti ne yake buɗe da dare, a kuma tanadi babur ko mota da mai a ciki. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Gwaji a cikin aji

Mutum biyu su nuna yadda ake tsayawa, a kwanta, a yi birgima. Wata daga zumuntar mata ta nuna zuba ruwa a kan ƙuna, wani yana duba agogo, domin kowa ya ga yadda minti 20 yake da tsawo. A fita waje a auna taku 35, a ga ko akwai filin da ya isa a garin.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace gobara ko rauni muka taɓa gani a garin nan a lokacin biki? Me ya jawo ta?
2. Su wa suke sayar da nokawut a nan, su wa kuma suke saye? Daga ina yara suke samun kuɗin?
3. Kowane gida ya ƙiyasta abin da ya kashe a kansa bara. Idan aka haɗa, mudu nawa na masara zai saya a farashin yau?
4. Su wane ne a cikinmu ko cikin maƙwabtanmu ƙarar take firgitarwa? Mun taɓa tambayarsu?
5. Me zai faranta wa yara rai a madadinsa? A yi tunanin kiɗan ganga da rawa, gasar waƙa, wasan kwaikwayo, wasan ƙwallo tsakanin unguwanni, da cin abinci tare.

Abin da za a yi kafin Lahadi ta biyu a watan Disamba

Kada a tashi daga wannan aji ba tare da an rubuta amsar waɗannan ba: Za a yi bana ko ba za a yi ba? Wa zai je wurin 'yan sanda da mai unguwa? Idan za a yi, a wane fili, wace rana, ƙarfe nawa? Wa zai riƙe makulli, wa zai kunna, su wa za su kawo ruwa? Sakatare ya karanta shawarar a lokacin sanarwa Lahadi biyu a jere, malaman Makarantar Lahadi kuma su maimaita ta ga yara da harshen da suka fi ji.

Yara za su yi gunaguni a shekara ta farko. Mu yi haƙuri mu bayyana musu dalili, mu kuma cika alkawarin abin da muka ce za a yi musu a madadi. Allah ya kai mu bikin lafiya, ya tsare mana 'ya'yanmu da rumbunanmu.